Ƙanina zai bar koyarwa a jami'a, yana neman jari a wurina

Tambaya: Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ƙanina shekararsa 11 yana koyarwa a jami'a nan Kumasi. Yanzu ya ce zai ajiye aiki ya koma ɗaukar bidiyon biki da horar da matasa sana'ar. Yana so in ba shi sidi 80,000 ya sayi kaya, ya kama shago a Aboabo. In ba shi?

Amsa: Alhaji, kada ka hana shi sana'ar, amma kada ka zuba kuɗin yanzu. Takardar ajiye aikin ma ta dakata sai ya san abin da zai bari a baya.

In fanshonsa na SSNIT ne, wato hukumar fansho ta ƙasar Ghana, sai mutum ya biya na wata 180 kafin ya cancanci fansho na wata-wata. Shekara 11 wata 132 ke nan, saura 48. Yana iya ci gaba da biya a matsayin mai aikin kansa, kashi 13.5 cikin ɗari na abin da ya bayyana yana samu, sai dai daga aljihunsa zai fito. In kuwa yana ƙarƙashin GUSSS, tsarin fanshon ma'aikatan jami'o'i, ya nemi lissafinsa a rubuce. Ka tambaye shi ko jami'a ta taɓa ba shi hutun karatu da albashi. Masu irin wannan sukan sa hannu cewa za su yi wasu shekaru suna aiki, wanda ya fita kafin lokaci ya biya. Ya fara neman hutun shekara guda ba albashi, ƙofa ta zauna a buɗe.

Sannan ya gwada kasuwar wata shida yana kan albashinsa. Yawancin bukukuwan Zango Asabar da Lahadi ake yi, ba su hana shiga aji. Ya ɗauki hayar kyamara, ya rubuta komai a littafi. A ce gidansa na cin sidi 7,000 a wata, biki ɗaya kuma na barin masa 1,500 bayan kuɗin mota, haya da sallamar yaro. Biki biyar yake bukata kowane wata. Ɗauka wuni ɗaya ce, amma tace bidiyon na iya cin kwana uku ko huɗu, a nan sababbi ke makalewa, aiki ya taru, amarya tana ta bugo waya. Da azumi kuma biki kan ja baya. Ya karɓi rabin kuɗi kafin ranar, ragowar kafin ya miƙa aiki. Dangi ne za su fi ba shi wahala a kan wannan.

Horarwa ta fi dacewa da shi, tunda ya iya tsara darasi. Amma digiri ba ya kawo ɗalibi mai biya, aikin da aka gani ne ke kawowa. Aji na mutum takwas zuwa goma, mako shida, a biya tun farko. Shawara ta WhatsApp kyauta ba ta da ƙarshe.

Shago ban goyi baya ba. Masu gida kan nemi kuɗin shekara biyu gaba, alhali tacewa a ɗaki ma ana yin ta.

In littafin wata shida ya nuna riba, ba shi kuɗin kashi-kashi: kwamfuta da ma'ajiyar bidiyo guda biyu tukuna, don bikin da ya goge ba a sake shi, kyamara daga baya. Ku rubuta gaban shaidu ko bashi ne ko haɗin gwiwa. In haɗin gwiwa ne irin na mudaraba, riba ku raba yadda kuka yanke, asarar jari kuwa taka ce muddin bai yi sakaci ba. Ya yi rajistar sunan sana'ar da katinsa na ɗan ƙasa, Ghana Card, ya ware layin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na aiki dabam. Kai kuma kada ka taɓa kuɗin saro kayan Sallah.