Amsa: X3 ko X5 don zirga-zirgar yau da kullum?

Malam, ka ce kana ruwan ido tsakanin BMW X3 da X5, kuma hidimarka ita ce zuwa aiki da kai yara biyu makaranta. Ni dai X3 zan ce ka ɗauka.

Bambancin tsawonsu bai taka kara ya karya ba, kusan mita 4.7 da 4.9. Faɗin ne matsalar: X5 ta kai mita 2 ban da madubai, sai ka shiga wurin fakin mai matsi, yaro na son buɗe ƙofa, za ka gane. Ga nauyi, wanda ke cin mai da birki da taya, tayoyinta kuma manya ne masu tsada. In tana da sasfenshan na iska (balan-balan ɗin iska da ke ɗauke da motar a madadin sifirin), ranar da ya lalace aljihu zai ji a jikinsa.

Ba a raina X5 ba fa, a doguwar tafiya ta fi shiru da taushi nesa ba kusa ba. But ɗinta (wurin zuba kaya) lita 650, na X3 lita 550 zuwa 570, gwargwadon shekarar ƙira. 

Kafin ka biya, ɗaura kujerun yaran a bayan X3, ka tura kujerarka yadda kake tuƙi. In gwiwarsu ba ta taɓa bayanka ba, ta ishe ka.