Sukarina daidai yake, to me ya haɗa insulin da zuciyata?

Tambaya: Likita, an gwada min sukari aka ce lafiya lau, amma ga tumbi, ga hawan jini, wuyana kuma ya yi baƙi, sabulu ba ya fitar da shi. (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Malam, baƙin nan ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da pankiriyas, wata gaɓa a cikin ciki, ke fitarwa don shigar da sukari cikin tsoka. Idan tsoka ta yi taurin kai, sai pankiriyas ta ninka aiki. Sukari kan zauna daidai na shekaru, alhali insulin ya cika jini.

A nan ɓarnar take. Yawan insulin na sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Hanta ta ƙara zuba kitse a jini. Shimfiɗar cikin jijiyar jini ta rage fitar da sinadarin da ke buɗe ta, bangonta ya yi kauri, jini kuma ya fi saurin daskarewa. Ranar da kitsen da ya taru a bangon jijiyar ya fashe, gudan jini ya toshe hanya, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Auna ƙugunka a saitin cibiya. Santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, nan ne iyaka. Sukarin safe kafin karin kumallo daga 5.6 zuwa 6.9 a ma'aunin mmol/L ba “lafiya lau” ba ne, ko da an faɗa maka haka.

Tambaya: Ana iya juya lamarin? (Wata malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Ƙwarai, Malama. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 ya sa mutane rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin ciwon sukari ya ragu da kashi 58. Fara da barin lemon kwalba, tuwo ko shinkafa kuma kada su wuce rubu'in faranti.

Tambaya: Mahaifiyata na allurar insulin. Ko ta daina? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Kul! Kada Hajiya ta daina. Binciken ORIGIN na 2012, a kan mutane sama da 12,000, bai ga allurar ta ƙara haɗarin kamuwa da bugun zuciya ba. Barin sukarinta ya hau shi ne zai lalata mata ido da ƙoda. Duk wani sauyin awo, sai da izinin likitanta.