Esansi ya sauka, kuɗɗin kabu-kabu bai sauka ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni uwar ɗiya ce daga unguwar Zariya nan Maradi, kullum sai na biya ma yara kabu-kabu zuwa lakwal. Tun da aka ce gwamnati ta rage kuɗɗin esansi ban ga an rage mini ko dala ba. Mi ya sa haka?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi raya ɗiya. Gaskiya ne a watan Yuli 2024 gwamnati ta maida litar esansi sefa 499 a gidajen mai. To amma yawancin 'yan kabu-kabun garin nan da can ba a gidan mai suke sha ba, wajen 'yan ruwa-ruwa suke sha, man Najeriya da ake shigowa da shi ta Jibiya da Ɗan Isa ana zuba shi a kwalabe bakin titi, kuma ya fi na famfo araha nesa ba kusa ba. Da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 sai lita ta ninka fiye da biyu a can, kwalbar nan ta bi ta tashi. Kenan shi ɗan kabu-kabu ko da ya koma gidan mai yana shan na 499, bai koma arahar da ya saba da ita ba.

Kuma ba mai kaɗai yake lissafi ba, akwai balas ɗin mai babur da yake kaiwa kullum, ga taya ga baƙin mai ga sarƙa, babu wanda ya sauka cikinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanga: in mai ya yi tsada mutane ba su iya rage tafiya nan take. Yaro dole ya je lakwal, mai awo dole ya kai kaya babbar kasuwa, mai haƙuri dole a kai shi likita, shi ya sa ko an ƙara kuɗɗi ana biya, sai dai a zaftare wani wuri, kuma kuɗɗin cefane ne ke shan kashi. Sai an jima kana a ga canji, a goya yara biyu ko uku a babur guda (abin da ba na so ko kaɗan), a rage zuwa buki da suna, mai mota ya aje ta ya hau babur. Haka yake a madafa ma, in gaz ya yi wuya ba a fasa tuwo, ice da gawayi ake komawa.

Da man kwalba ya yi tsada kowa ya taru a gidan mai, sai buƙata ta fi ƙarfin matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana. Yana cikin abin da ya jawo dogayen layukan da aka sha a watan Maris 2025.

Ke kuma Hajiya, ki samu ɗan kabu-kabu guda amintacce na unguwarku ku yi jinga ta wata, ya kai su ya maido su. Da yake ya san kuɗɗinsa na nan tabbas, yakan sassauta fiye da na tsaidawa a hanya. In akwai maƙwabta masu ɗiya a lakwal guda ku haɗa ku ɗauki adaidaita.