Me ya sa encrypt() ta ƙi aiki a shirina na C?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tawa. Ina rubuta manhaja da harshen C don lissafin adashin matan unguwarmu. Na ga setkey() da encrypt() a wani tsohon darasi, na so in kulle bayanan da su, amma Linux ta ƙi haɗa shirin ko da na sa -lcrypt. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, laifin ba daga wajenka yake ba. Tun glibc 2.28 (glibc ita ce babbar laburaren C ta Linux) da ta fito a 2018 aka hana sabbin shirye-shirye kiran waɗannan biyun, kuma gara da aka yi hakan.

Da DES suke aiki, wani tsohon tsarin kulle bayanai wanda ke kulle yanki mai bit 64 a lokaci guda. Sai ka warware bayt takwas ɗinka cikin jeri mai gurbi 64, kowane gurbi 0 ko 1, sannan ka miƙa wa encrypt(), da 0 in kullewa kake so, da 1 in buɗewa. Makullin ma gurbi 64 ne, amma setkey() tana watsar da kowane na takwas, saura 56. Amurka ta karɓi DES a hukumance a 1977. A 1998 ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta ƙera na'urar da ta gano makullinsa cikin awa 56, a 2005 kuma Amurka ta janye tsarin.

Ko da makullin na da ƙarfi, akwai abin da ya fi damuna. Ita encrypt() kowane yanki daban take kulle shi, ba ruwanta da na gabansa. A ce mata ashirin kowace ta zuba jika biyar, kuma adadin ya cika yanki guda: duk ashirin ɗin za su fito iri ɗaya sak bayan an kulle. Wanda ya saci fayil ɗin bai buɗe komai ba, amma ya ga waɗanda zubinsu ya zo ɗaya. In ya ga dama ya ɗauke yankin wannan ya maƙala wa waccan, shirinka kuwa ba zai ce uffan ba, don ba ya da hanyar gane an taɓa. A harkar kuɗin mutane, wannan kaɗai ya isa haddasa rigima.

Ka koma libsodium, wata laburaren kulle bayanai ta zamani. Ka fara da sodium_init(), sannan crypto_secretbox_easy(): makulli bayt 32, nonce (lambar da ake amfani da ita sau ɗaya tak) bayt 24, tana kuma ƙara bayt 16 na shaida, ta yadda ko bit ɗaya aka canja buɗewa za ta ƙi. Nonce ba sirri ba ce, ka aje ta tare da bayanan, amma kowane kullewa ka samo sabuwa da randombytes_buf(). In malaminku ya nace sai AES, tsarin da ya gaji DES, laburaren OpenSSL na da AES-256-GCM.

Kada ka rubuta makullin cikin shirin. Uwar adashi ta riƙe kalmar sirri a kanta, crypto_pwhash() ta fitar da makulli daga gare ta. Kuma tunda wuta kan ɗauke ba sallama, ka riƙa rubuta sabon fayil daban, sai ya kammala ka sauya masa suna ya maye gurbin tsohon.