Me ya sa ake tsayar da motar asibiti a ƙofar filin jirgi?

Ka tambaya me ya sa idan jirgi ya yi hatsari ake tsayar da motocin asibiti da na kashe gobara na cikin gari a bakin ƙofa, alhali rai ake son cetowa. Amsar ita ce ba sa shiga sai da ɗan jagora. Ana tara su a mahaɗar da tsarin gaggawa na filin ya ware, sai mota mai rediyo ta shige musu gaba, domin ba motar da ke tsallaka titin jirgi sai hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta ba da izini, ko da tana jiniya. Mintunan farko kuwa na 'yan kwana-kwanan filin ne: ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce su isa ko'ina a kan kowane titin jirgi cikin minti 3, an ma fi son 2, idan gari a washe yake.

Direban gari bai san alamomin filin ba. Yana iya kutsawa cikin man da ya zube, ko ya tsaya inda iska ke kai hayaƙi, ko, Allah ya kiyaye, ya taka fasinjan da ke kwance cikin ciyawa da dare. Shi ya sa ake tantance masu rauni aƙalla mita 90 daga jirgin, ta ɓangaren da iska ke fitowa, hanyar shiga daban, ta fita daban. Amma tsarin jira a mahaɗar na da sharaɗi: ɗan jagora da makullin ƙofa su riga motocin isa mahaɗar. A nan ake iya makara, kuma wannan ne ya kamata a auna da agogo a babban atisayen da ake yi duk shekara 2.