Ni ma na taɓa rantsuwa cewa sunana yana cikin baƙin littafi

Assalamu alaikum. Ƙanina mai tambaya, ka ce ka gama bautar ƙasa, ka cike fom har ka gaji, wasu wuraren an kira ka intabiyu an yaba maka, daga nan sai shiru, har ka fara zargin ko akwai wani baƙin littafi da aka rubuta sunanka a ciki, ma'aikatu suna miƙa wa juna. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin irin maganar da na riƙa yi wa Hajiyarmu ke nan, a garin nan na Kaduna. Na ga wasu sun ce ka yi haƙuri kawai, wasu sun ce sammu ne. Ni ba zan ce zarginka shirme ba ne. A kaina dai littafi babu, amma mutum akwai.

Da na gama bautar ƙasa ban zauna jiran gwamnati ba, na kama koyarwa a wata makarantar kuɗi. Lissafi nake ɗauka tun daga ƙaramar sakandare har babba, ga darasin yamma na masu WAEC da NECO wanda ba a ƙara min ko sisi a kansa. Mai makarantar mutum ne da ake ganin girmansa a unguwa, sahun gaba a masallaci, in an yi rigima shi ake kira sulhu. Albashi kuwa sai ya ga dama. Wata zai ƙare ya ce iyaye ba su biya ba, alhali a gabanmu ake rubuta rasit. Na yi ta daurewa har lokacin da Hajiya ta kwanta, ga suga ga hawan jini, ana neman kuɗin magani. Na shiga ofishinsa na durƙusa, wallahi durƙusawa na yi, na ce Alhaji a taimaka a ba ni ko rabin abin da nake bi. Bai ce min uffan ba. Washegari a taron safe, gaban ɗalibai da malamai, ya ɗauki lasifika ya ce akwai malamai marasa tarbiyya, waɗanda aka tsamo daga zaman kashe wando suka zo suna zuga 'yan'uwansu. Bai kama suna ba, amma ni ya zuba wa ido har ya gama. Yaran da zan shiga ajinsu bayan minti kaɗan suka juyo suna kallona. Na shiga ajin na ɗauki alli, hannuna yana rawa, na kasa rubuta ko kwanan wata. Ƙarshen zangon na ajiye aikin. Kuɗina har yau suna wurinsa, kuma ban yafe ba.

To ka san yadda fom ɗin nan suke. Ina ka yi aiki na ƙarshe, wane ne shugabanka, kawo lambarsa. Ni kuma wurin nan ne kaɗai gogewar da nake da ita. Sai abin ya zama kamar yadda kake faɗa: in ci jarrabawa, in yi intabiyu, a yi ta gyaɗa kai, a ce za ka ji daga gare mu. Akwai wata ƙungiya mai aikin ilimi da har suka tambaye ni yaushe zan iya farawa, aka yi maganar albashi, aka karɓi lambar asusuna. Na dawo gida na faɗa wa Hajiya, ta yi sujada, ta sa aka yi waina aka raba wa almajirai, maƙwabta suka shigo barka. Daga nan wayata ba ta ƙara ƙara ba. In na kira a ce oga yana taro. Na je da ƙafata, maigadi ya ce an hana shi barina in shiga. Abin da ya fi ci min rai ba rashin aikin ba ne, fitowa ƙofar gida ne, kowa yana tambaya Malam yaushe za a fara. Na koma fita tun asuba ina dawowa bayan isha don kada in haɗu da kowa. Yarinyar da nake nema a lokacin, iyayenta suka ce sun gaji da jiran gawon shanu, aka ba wani. Ban ga laifinsu ba, amma na san wanda ya jawo.

Yadda na gane kuwa, yayan wani abokina direba ne a ƙungiyar. Shi ya kira ni gefe a wurin wani ɗaurin aure ya ce, me ke tsakaninka da tsohon maigidanka? Ashe a cikin motarsa jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kira mutumin, ta sa wayar a fili, yana ji. Alhaji ya ce yaron yana da ƙoƙari ƙwarai, amma ɗan tawaye ne, kuma akwai wata magana ta kuɗin jarrabawar ɗalibai da ba a gama warwarewa ba. Kuɗin da ban taɓa riƙewa ba! Ko ɗakin da ake karɓarsu ba ni da hurumin shiga. Dubi yadda ya tsara ta, bai ce na yi sata ba balle a kama shi da ƙarya, ya dai shafa min kashin kaji ya kashe waya. Wace ma'aikata ce za ta tsaya bincike a kan sabon yaro, alhali ga mutum ɗari a layi? Kuma mutumin nan in mun haɗu a jana'iza ko suna, shi zai fara miƙo min hannu, ya ce Malam har yanzu shiru? Allah Ya kawo mai albarka. Ka ji fa. Ya san abin da yake yi, yana kallon idona yana min addu'a. Na je wurin limamin unguwar da maganar, aka ce in yi haƙuri, dattijo ne, kada a tona. Dattijo! Allah Ya isa tsakanina da shi, kuma akwai ranar da za a tsaya.

Shi ya sa abu na farko da zan ce maka, zauna ka duba sunayen da kake bayarwa a matsayin masu shaidarka. Shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, kun rabu lafiya? Ka taɓa neman haƙƙinka a wurin wani har ya ji haushi? Kada ka sa sunan kowa sai ka je ka same shi ka nemi izini, ka kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa. In kana shakkar wani, ka sa wani babba a gidanku ya kira shi ya tambayi halinka, a ji abin da zai fito daga bakinsa. Ni da na cire mutumin nan na sa malamin da ya duba min aikin bincike na ƙarshe a jami'a, da mataimakin shugaban makarantar wanda ya san gaskiyar abin da ya faru, ba wai nan take na samu ba, amma shirun nan na bayan intabiyu ya sauya. Kuma ka riƙa karɓar takardar shaida a rubuce, da sa hannu da hatimi, duk inda ka bari. Wanda ya rubuta ya yabe ka yana jin nauyin ya juya ta waya.

Littafin gaske kuma akwai, amma ba na irinku ba ne. Babban Bankin Najeriya yana ajiye sunayen ma'aikatan banki da aka kora kan almundahana, bankuna suna dubawa kafin su ɗauki mutum. Kai da ba ka taɓa aikin banki ba me zai kai ka ciki? Wanda zai iya shafarka shi ne na bashi. In ka taɓa cin bashin banki ko na manhajojin nan na waya lokacin makaranta ba ka biya ba, sunanka zai iya fitowa a wurin kamfanonin da ke tattara tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma wuraren da ake riƙe kuɗi sukan duba. Dokar 2017 ta ba ka damar neman rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka nema ka gani da idonka. Haka in ka taɓa ara wa wani asusunka aka turo kuɗin da ba ka san asalinsu ba, je bankinka ka tabbatar babu wata alama a kan BVN ɗinka. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba ka 'yancin rubuta wa ma'aikata ka tambayi irin bayananka da take riƙe da su. Ko ba su amsa ba, ka dai rubuta.

Sai shekaru. Wannan shi ke kashe yaranmu ba tare da kowa ya ƙi su ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ga korona a tsakani. Yaro ya shiga ABU ko KASU da ƙuruciyarsa, ya fito ya yi bautar ƙasa, sai ya tarar bankuna da manyan kamfanoni suna cewa kada ka wuce shekara 26 ko 27, kuma sai mai 2:1. Kwamfuta ce take tacewa, ɗan Adam bai ma ga takardarka ba. Masu HND na Kadpoly su kuma nasu kukan daban ne. Sannan ka ɗauko NIN da BVN da WAEC da takardar JAMB da kwalinka da na NYSC ka jera su a tabarma. Ranar haihuwa ɗaya ce? Muhammad ne ko'ina, ko wani wuri Mohammed? Mu nan Arewa wannan ya yi mana illa sosai, a wata takardar sunan uba, a wata sunan gari, a wata an juya su. Shafukan ɗaukar aikin gwamnati, irin na hukumar shige da fice da Sibil Difens, da NIN suke gwada abin da ka cike, in ya saɓa za ka iya faɗuwa ba wanda zai ce maka ga dalili. Gyaran yana da wahala da cin rai, amma ka fara shi tun yau.

Maganar uwa a gindin murhu kuwa ba sai na faɗa maka ba. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, duk mun ji abin da aka riƙa faɗa a zaman. Wani lokaci intabiyun da ka yi wa wanka da guga, an riga an raba guraben tun kafin a buga talla. Amma don Allah, don Annabi, kada ka bari a sayar da filin gado ko ɗan kunnen mahaifiyarka a ba wani wai zai kawo ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Na san gidan da aka yi haka, takardar da aka kawo ta bogi ce, har yau 'yan'uwa ba sa ga maciji da juna.

Wani lokaci ina tuna babanmu, Allah Ya jiƙansa. Da takardar firamare ya je bakin ƙofar masaƙa a Kakuri aka ɗauke shi, da aikin ya yi aure ya gina gidan da muke ciki. Masaƙar KTL tun 1957 take aiki, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, ga Arewa Textiles ita ma ta rufe. Dubban mutane ke fita canjin aiki a kan kekuna a wancan lokacin. Yanzu ka bi ta wurin ka gani. Ga malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama bayan jarrabawar 2017, ga ma'aikatan da aka rage a 2021 har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da garin. Da yawansu sun dawo layi ɗaya da kai, da gogewarsu da iyalansu, kuma za su karɓi albashin da kai za ka raina. Garin ne ya ƙuntata, ƙanina. Ba kai kaɗai ake yi wa shiru ba.

Masu ce maka sammu ne, ni ban hana ka addu'a ba, ka riƙe azkar da tsayuwar dare, ni ma su suka riƙe ni. Amma kada ka fara zargin kishiyar mahaifiyarka ko ƙanin babanka, kada kuma ka kai ɗan abin da ya rage maka wurin masu duba. Kuma kada ka kulle kanka a ɗaki. Na san yadda abin yake, barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, ka ji ko sallama ba ka son amsawa. In ya kai haka ka faɗa wa wani, ko ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Ka samu abin da zai fitar da kai kullum da safe, ko darasin gida ne ga yaran unguwa, ko zaman shagon wani a Kasuwar Barci, ko ka je Panteka ka koyi aikin hannu. In kana da sha'awar kwamfuta ka sa ido kan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai koya wa matasa fasahar zamani, in an buɗe. Ni aikin da nake yi yanzu, uban wani yaro da nake koya wa lissafi a gida ne ya kai takarduna da hannunsa, ya ce ya ga yadda nake da ɗansa. Ba wani babban aiki ba ne, amma ana biya ƙarshen wata ba sai na durƙusa wa kowa ba.

Ba ka faɗa mana abin da ka karanta ba, kuma ba ka ce ko a matakin intabiyu ake tsayawa kullum ko tun a fom ba ne. Wannan yana da muhimmanci. In tun a fom ne, matsalar tana takardu ko shekaru. In sai an gan ka an yaba sannan a yi shiru, to ni dai ina zargin akwai wanda ake kira. Ka turo min CV ɗinka ta akwatin sirri in duba maka, kuma ka gaya min su wa ka rubuta a matsayin masu shaidarka da yadda kuka rabu da kowannensu. Allah Ya buɗa maka, Ya kare ka daga irin mutumin da na haɗu da shi.