Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Japan

Assalamu alaikum, ƙanena. Na yi murna da gurbin karatun da ka samu a ƙarƙashin tallafin gwamnatin Japan, Allah ya sanya albarka. Ka ce Hajiya ta ƙi sakin jiki da tafiyar, domin tun da ta ji labarin haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a rediyo ta ɗauka ƙasar duka ta gurɓace, kuma kana so in faɗa maka yadda muka rayu a lokacin tunda a gabana aka yi. Tsoronta yana da dalili, sai dai abin da take tsoro ba shi ne ya fi ba mu wahala ba.

Ranar Juma'a ce, 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana. Na baro masallaci a Tokyo ina hanyar tashar jirgin ƙasa sai ƙasa ta kama rawa, turakun lantarki suna lilo, aka ɗauki mintoci abin bai lafa ba. Ƙarfin girgizar ƙasar ya kai maki 9.0, mafi girma da aka taɓa aunawa a Japan, kuma daga ƙarƙashin teku ta taso, gabas da lardin Miyagi. Jiragen ƙasa suka tsaya cak, miliyoyin mutane suka kama hanyar gida a ƙafa cikin sanyi, ni ma sai da na yi wajen awa biyar ina tafiya. Layin waya ya cushe, ta intanet na samu na sanar da gida cewa ina raye. Gine-ginen Tokyo sun jure. Ruwa ne ya yi kisa: igiyar tsunami ta share garuruwan bakin teku a Iwate da Miyagi da Fukushima, mutum kusan 16,000 suka rasu, fiye da 2,500 kuma ba a gan su ba, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na mamatan nutsewa suka yi. Allah ya kiyaye mu da irin wannan rana.

Wannan ruwan ne ya haura katangar tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, ya cinye janaretocin da ake dogaro da su wajen sanyaya tukwanen makamashi, har gine-gine uku suka yi bindiga a ranakun 12 da 14 da 15 ga wata. Gwamnati ta kwashe mazauna kilomita 20 daga tashar, Amurka kuwa ta ce 'yan ƙasarta su nisanci wurin da kilomita 80, alhali Tokyo tana da tazarar fiye da kilomita 200. A nan ne na gane cewa rashin jin harshe a lokacin tashin hankali musiba ce mai zaman kanta. Kullum kakakin gwamnati, Yukio Edano, yana fitowa a talabijin sanye da rigar aiki yana bayani, ni kuwa ina tsintar kalma ɗaya cikin goma, ga jita-jita ta cika intanet, ga 'yan'uwa suna kira daga gida dare da rana suna cewa in tattara in dawo. Ɗalibai baƙi da yawa sun tafi, kuma har yau ban ga laifinsu ba, domin wanda bai san abin da ake faɗa ba ba ya iya auna girman haɗari. Abin da ya zaunar da ni shi ne wani abokin karatuna Bajapane da yake zama da ni kowace yamma, yana karanto alƙaluman tururin nukiliya da aka auna a unguwarmu, yana kwatanta mini su da wanda mutum ke sha idan aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti.

Rayuwar yau da kullum ta ƙuntata ta hanyoyin da ban yi zato ba. Shinkafa da burodi da batir suka ɓace daga kantuna, motoci suka yi dogon layi a gidajen mai, kuma ga Musulmi abin ya ninku, domin ɗan abin da ya rage sai ka karanta abin da aka haɗa shi da shi, sau da yawa ka tarar da naman alade a ciki. Daga 14 ga Maris aka fara ɗauke wuta bi da bi, kimanin awa uku ga kowane rukunin unguwanni. Na ɗauka sabon da muka yi da ɗauke wuta a gida zai ishe ni, amma a nan gidaje ba su da janareta, kuma idan wuta ta tafi, na'urar ɗumama ɗaki da injin tura ruwa sama da fitilun ba da hannu duk tare suke tafiya. Ranar 23 ga wata aka sanar cewa an sami sinadarin ayodin mai tururi a ruwan famfon Tokyo fiye da ƙa'idar da aka yarda jarirai su sha. Kafin dare ruwan roba ya ƙare a kantuna, hukuma ta raba wa masu jarirai, washegari kuma aka janye gargaɗin. An hana sayar da madara da alayyahu daga wasu lardunan. Ƙasa ba ta daina motsi ba har tsawon makonni, wayoyi suna ƙarar gargaɗi da tsakar dare, na daɗe ina kwana da kayana a jiki da fasfo a aljihu. Duk da haka ban ga wawaso ko ture-ture a layi ba, kuma Musulmin masallacin Otsuka na Tokyo sun yi ta kai dafaffen abinci garin Iwaki da ke lardin Fukushima ga waɗanda suka rasa muhalli.

Wahalarmu a Tokyo ba komai ba ce idan aka kwatanta da ta mutanen Fukushima. Fiye da mutum 150,000 suka bar gidajensu, kuma sama da 2,000, galibi tsofaffi, wahalar ƙaura da zaman sansani ce ta yi ajalinsu daga baya.

Ka gaya wa Hajiya cewa tun Afrilun 2012 Japan ta tsaurara ƙa'idar gwajin abinci, kuma yankin da har yanzu aka hana zama ɗan yanki ne kusa da tashar, ko da yake aikin rushe ta zai ci shekaru masu yawa. Girgizar ƙasa kuwa ba zan ce maka ta ƙare ba, domin ko a 1 ga Janairun 2024 an yi wata babba a yankin Noto. Shawarata ita ce ka zo, amma ka zo da shiri. Ka nemi gidan da aka gina bisa dokar gini ta 1981 ko bayanta, ka karɓi taswirar haɗari a ofishin ƙaramar hukuma, ka taka da ƙafarka zuwa wurin fakewar unguwarku, wanda suke kira hinanjo. Ka ajiye ruwa da abincin halal na kwana uku aƙalla, da tocila da ƙaramar rediyo da tsabar kuɗi. Idan garinka a bakin teku yake, da zarar girgiza mai ƙarfi ta lafa ka nufi tudu, kada ka koma ɗauko komai. Ka kuma fara koyon Japananci tun kana gida, ka shaida wa iyali cewa shirun yini guda bayan girgiza cushewar layi ce.

Ka aiko mini da sunan garin da jami'arka take, in duba maka nisansa da teku da kuma masallacin da ya fi kusa. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau. Idan tana so, zan kira ta ranar Asabar mu yi magana.